Darasi na 14: Uwar da Ta Ƙi Komawa Hannu Wofi

Abin karantawa: Matta 15:21-28 da Markus 7:24-30.
Ayar haddacewa: Misalai 31:8.
Manufar darasi: Mu gane cewa yaron da karatu ya yi wa nauyi ba shi da bakin da zai yi magana dominsa kamar na iyayensa, kuma tsayawa dominsa aikin bangaskiya ne.

GABATARWA

Da wuya a sami aji ɗaya a makarantun Potiskum, ko na ƙauyukan da ke kan hanyar Fika da ta Gashuwa, wanda babu irin yaron nan a cikinsa. Ya yi shekara 3 yana zuwa makaranta ba fashi, amma har yanzu in an rubuta sunansa a allo ba ya shaida shi. A gida ba a ganin aibinsa. In an aike shi yakan kai saƙo daidai, ya kuma san kowace akuya ta gidan da kamanninta. Da ya shiga aji kuwa, sai ka ce an ɗaure masa kai. Malam ya gaji ya mai da shi bencin baya, 'yan ajinsu sun sa masa suna daƙiƙi, shi ma ya soma yarda da sunan. Ƙarshen al'amarin sananne ne. Wata rana uban zai ce wannan dai ba na boko ba ne, a cire shi. In namiji ne ya bi masu kora shanu a kasuwar ran Laraba, in mace ce a ɗora mata talla har miji ya fito.

Irin yaran nan suna cikin gidajen masu bi, suna kuma zaune a Makarantar Lahadi. Saboda haka ya wajaba mu tambaya, me Allah yake so uba da uwa su yi? Bari mu nemi amsa a wurin wata uwa wadda Ubangiji Yesu da kansa ya yabi bangaskiyarta.

1. ƘOFA HUƊU A RUFE

Yesu ya bar ƙasar Galili ya tafi wajen Taya da Sidon, ƙasar al'ummai. Markus ya gaya mana ya shiga wani gida, ba ya so a san yana nan. Sai ga wata mace, Matta ya kira ta Bakan'aniya, ta zo saboda 'yarta wadda baƙin aljani yake wahalshe ta.

Mu lura da abu na fari: yarinyar ba ta wurin. Tana kwance a gida. Ba ta ga Yesu ba, ba ta ce masa ko kalma ɗaya ba. Dukan abin da ta samu, ta bakin uwarta ta same shi. Da uwar ta yi shiru, da labarin ya ƙare tun bai soma ba.

Abu na biyu: matar ta roƙi jinƙai domin kanta, ko da yake 'yar ce ba ta da lafiya. Ta mai da ciwon 'yarta nata. Ba ta tsaya daga nesa tana nuna yarinyar da yatsa kamar wani kaya da aka jibga mata ba.

Sa'an nan ta tarar da ƙofa huɗu a rufe, ɗaya bayan ɗaya. Ta fari ita ce shiru, gama Yesu bai amsa mata ba. Ta biyu almajirai ne, waɗanda suka roƙe shi ya sallame ta domin kiranta ya dame su. Kukan ne ya dame su, ciwon yarinyar bai dame su ba. Ta uku ƙa'ida ce: Yesu ya bayyana cewa aikensa zuwa ga jama'ar Isra'ila ne, ita kuwa ba ta cikinsu. Ta huɗu ta fi duka ɗaci, gama ya kawo mata misalin gida inda ake ciyad da 'ya'ya, ba a kan rage rabonsu saboda karnuka.

Kowa ya taɓa bin al'amarin yaronsa daga ofis zuwa ofis ya san ƙofofin nan. Ya san shirun da akan yi wa takardarsa. Ya san mai tsaron ƙofa da ke cewa a dawo gobe. Ya san amsar nan, cewa wannan ba aikinmu ba ne. Ya kuma san maganar da takan nuna masa cewa akwai yara masu ƙoƙari da suka fi nasa cancanta.

Me matar ta yi? Ba ta yi zagi ba, ba ta kuwa tafi ba. Kalmar roƙo da Markus ya rubuta da Helenanci tana nuna abin da aka yi ta yi, ba sau ɗaya ba. Da aka ƙi amsa mata daga nesa, sai ta matso ta durƙusa. Ta kuma kasa kunne ƙwarai ga abin da aka faɗa mata. Kalmar da Yesu ya kira karnuka da ita ta 'yan kwikwiyon gida ce, waɗanda ke kwance ƙarƙashin abin cin abinci. A cikin Markus kuma ya ce 'ya'ya ne za su fara ci, inda akwai na fari kuwa, ai akwai na biyu. Sai ta kama maganarsa ta shiga ta cikinta. Ta yarda da misalin, ta nuna cewa a gidan nan ɗin ma ɓarɓashi yakan zubo, ita kuwa ya ishe ta.

Yesu ya yabi girman bangaskiyarta, ya ba ta abin da ta roƙa. Ta koma gida ta tarar da yarinyar lafiya. A cikin Bishara ta hannun Matta mutum biyu ne Yesu ya yabi girman bangaskiyarsu haka: matar nan, da jarumin sojan Roma na sura 8. Dukansu baƙi ne, dukansu kuma domin wani suka yi roƙo.

Kada wani ya ɗauki shirun Yesu ya mai da shi hujjar wulakanta mai roƙo. Ubangiji ya san abin da zai yi. Ya jawo bangaskiyar matar fili domin almajiran da suka so korarta su gani, su koya. Kada kuma mu ce ciwon 'yarta da nauyin karatun yaranmu abu ɗaya ne. Halin uwar muke koyo a nan.

2. IYAYEN DA SUKA JA BAKINSU

A Yohanna sura 9 akwai wasu iyaye dabam. Ɗansu makaho ne tun haihuwa. Almajirai suka tambaya ko zunubin wa ya jawo wannan, nasa ko na iyayensa. Yesu ya kawar da zargin daga kansu duka, ya ce aikin Allah ne za a nuna a cikinsa. Bari kowace uwa da aka taɓa yi wa habaici a bakin rijiya saboda ɗanta ta riƙe wannan. Bari kowane uba da ya ɗora wa matarsa ko danginta laifi ya ji tsoron Allah.

Amma da aka kira iyayen nan gaban shugabanni, sai tsoro ya kama su kada a fitar da su daga majami'a. Suka amsa cewa ɗansu ne, sauran magana kuwa suka ce a tambaye shi, ai ya yi girma. Suka bar shi shi kaɗai, aka kuwa kore shi. Shi dai babba ne, ya iya kāre kansa. Yaro ɗan shekara 8 fa, wanda ko sunansa bai iya rubutawa ba, in iyayensa suka ja bakinsu, wa ya rage masa?

A ƙasar nan abin da ya fi rufe bakin iyaye shi ne kunya. Kunya aba ce mai kyau. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, uba ba ya yabon ɗansa a gaban mutane, talaka kuma yana jin nauyin yi wa malami gardama. Ba mu ce a yar da ladabi ba. Amma in kunya ta sa aka ɓoye yaro a ɗaki sa'ad da baƙi suka zo, ko ta hana a je a tambayi dalilin da ake dukansa kullum, to, ta wuce iyakarta. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A Fitowa sura 4, da Musa ya kawo kukan nauyin bakinsa, Allah ya tuna masa cewa shi ne Mahaliccin mai magana da bebe, da mai gani da makaho. Bai fasa aikensa ba, sai ya ba shi Haruna ya zama bakinsa. Iyayen yaro mai nauyin karatu su ne Harunansa.

3. ME YAKE HANA YARO KARATU?

Mai tsayawa domin yaro sai ya san abin da yake nema. Kalmar nan daƙiƙi buhu ce da akan zuba abubuwa dabam dabam a ciki a ɗaure baki. Bari mu kwance ta.

Wani yaron idonsa ne ba ya ganin allo daga nesa, shi kuwa bai sani ba, yana tsammani haka kowa yake gani. Tabarau yakan warware wannan. Asibitin ido da mishan ta buɗe a Kano a 1943 yana nan yana aiki, akwai kuma masu duba ido a manyan asibitoci na kusa.

Wani kunnensa ne. Ƙyanda, da ciwon kunne mai zub da mugunya, da sanƙarau, duk sukan rage ji. A annobar sanƙarau ta 1996 a arewacin Nijeriya fiye da mutum 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu. A 2024 ma ciwon ya shiga wasu makarantun kwana a Potiskum da Fika. Mukan ƙidaya waɗanda suka mutu, mu manta da waɗanda suka tashi da rabin ji. Irin yaron nan yakan ji ana magana, amma kalmomin ba sa fita sosai, sai a ce taurin kai ne.

Wani kuwa harshe ne. Yaron da ya tashi da Karekare, ko Ngizim, ko Bolanci, ko Fillanci a ɗakin uwarsa, yana koyon Hausa a waje, sa'an nan a aji a tare shi da Turanci. Kaya uku ke nan a kan wuya ɗaya. Wannan ba ciwo ba ne, lokaci yake bukata.

Akwai kuma wanda ƙwaƙwalwarsa ta taɓu tun yana ƙarami, ko ta doguwar naƙuda, ko shawara mai tsanani a kwanakin farko, ko zazzaɓin cizon sauro mai sa sanƙamewa, ko tamowa, ko rashin sinadarin aidin a abincin uwa. Wannan yana koyo a hankali cikin kowane abu, amma yana koyo. Mai farfaɗiya kuma a kai shi asibiti, gama akwai maganin da ke tsai da faɗuwa, ba a kuwa ɗaukarta ta wurin taɓa shi ko yawunsa. Mu duba Matta 4:24, inda aka lissafta masu farfaɗiya dabam, masu aljannu dabam.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi rikitar da mutane. Idonsa lafiya, kunnensa lafiya, wayonsa cikakke, amma haruffa sun ƙi zama masa. Yakan musanya su, yakan tsallake wasu, abin da ya karanta jiya yau ya zama baƙo. A 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin hankali, wanda ya iya lissafi, amma yakan juya haruffan sunansa. Malaminsa ya shaida cewa da a ce da baki ake koyar da kome, da babu wanda zai wuce shi a makarantar. Likitan ya kira abin makantar kalma. Yanzu ana ce da shi disleksiya. An gane cewa yakan bi jini a dangi, kuma tushensa wahalar haɗa sautin magana da harafinsa ne. Irin yaron nan yana iya koyon karatu in an bi da shi sauti sauti, da maimaitawa mai yawa. Bulala ba ta taɓa warkar da ko ɗaya daga cikin abubuwan nan ba. Abin da take koya wa yaro shi ne tsoron littafi.

4. ABIN DA BAKIN IYAYE YA BUƊE

Kada mu yi tsammani a ƙasashen Turawa ƙofar a buɗe take tun asali. A Ingila doka takan ware wasu yara ta ce ba su koyuwa, ba a kuwa ba su gurbi a makaranta. A 1946 wata uwa mai suna Judy Fryd, wadda makaranta ta ƙi riƙe 'yarta, ta rubuta wasiƙa a wata mujalla tana neman iyaye masu irin damuwarta. Suka amsa, suka kafa ƙungiyar da yau ake kira Mencap. Sai a 1970 aka yi dokar da ta kawar da wannan wariya. Shekara 24 ke nan suna ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

A Amurka ma iyaye ne suka kira taro a Cikago a 1963, inda wani masani, Samuel Kirk, ya ba matsalar yaransu suna, suka kafa ƙungiya a kanta. Wasu iyayen suka kai ƙara kotu. A 1975 aka yi dokar da ta wajabta wa makarantun gwamnati karɓar kowane yaro mai naƙasa, a lokacin da kimanin yara miliyan 1 suke waje ɗungum.

A Nijeriya masu bi suna cikin waɗanda suka fara. Mishan ta SUM ta buɗe makarantar makafi a Gindiri a 1953. Andrew Foster, baƙar fata ɗan Amurka wanda sanƙarau ya kurmantar yana da shekara 11, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, kafin rasuwarsa a 1987 kuma ya kafa fiye da 30 a ƙasashen Afirka. A 1977 aka buɗe makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki a Kano, a shekarar nan kuma aka kafa kwalejin horad da malaman ilmi na musamman a Oyo. Mu lura, makafi da kurame aka fara tunawa da su, domin bukatarsu a fili take. Yaro mai nauyin karatu ba ya riƙe sanda, ba a ganin kome a jikinsa. Shi ya sa ya fi kowa bukatar mai faɗa dominsa.

Yanzu doka ma tana bayan iyaye. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9, watau firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro, ta kuma ɗora wa iyaye nauyin kai shi. Dokar Tarayya ta hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairu 2019, ta haɗa da naƙasar fahimi, ba ta jiki kaɗai ba. Ta ce mai naƙasa yana da hakkin ilmi kyauta har sakandare, makarantun gwamnati su karɓe shi, a kuma sami aƙalla ma'aikaci ɗaya mai horo dominsa. Bakan'aniya ɓarɓashi ta roƙa, gama ba ta da hakki. Iyayen yau rabon da aka riga aka rubuta wa ɗansu suke nema. Amma dokar da ba a tashe ta ba, barci take yi a cikin kabad.

5. YADDA ZA A TSAYA WA YARO

Da fari a lura da yaron sosai, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yana matse ido? Yana juya kunne ɗaya in ana magana? Ya yi wani babban ciwo yana ƙarami? Me ya iya da kyau? Sa'an nan a kai shi asibiti a duba ido da kunne kafin a yanke masa wani hukunci.

Bayan wannan a je wurin malamin ajinsa, ba lokacin darasi ba, ba kuma a gaban yara ba. A gaishe shi da girmamawa. A tuna cewa sau da yawa yara sun yi masa yawa, kayan aiki kuwa sun yi kaɗan. Shi abokin aiki ne da ake so a samu. A roƙi abu ƙanƙane wanda zai iya yi gobe da safe: a dawo da yaron bencin gaba, a daina dukansa saboda karatu, kada a tsai da shi ya karanta a gaban aji ana yi masa dariya, a riƙa yi masa wasu tambayoyi da baki, a ƙara masa ɗan lokaci a jarrabawa. Bayan mako 2 a koma a ji yadda ake ciki, a yi godiya a kan abin da aka yi.

In ba a sami biyan bukata ba, a je wurin hedimasta. Daga nan sai taron iyaye da malamai, daga nan kuma ofishin sakataren ilmi na ƙaramar hukuma. A rubuta takarda, a riƙe kwafinta, a rubuta ranar da aka je da amsar da aka samu. Iyaye 2 ko 3 su tafi tare, gama mai zuwa shi kaɗai akan ce fitinanne ne, amma jama'a akan ba su wurin zama. Maƙwabtanmu Musulmi suna da irin yaran nan a aji ɗaya da namu. Mu neme su mu tafi tare, wannan ma shaida ce.

Kada a bar wa uwa aikin nan ita kaɗai. Yayirus shugaban majami'a ne, amma ya faɗi a gaban Yesu cikin taro saboda 'yarsa, bai ce girmansa zai zube ba. A Markus sura 9 kuma uba ne ya kawo ɗansa, almajirai suka kasa, bai koma gida ba sai da ya ga Ubangiji. Uban da yake iya yini a kasuwa yana cinikin sa guda, zai iya ba da safiya ɗaya domin ɗansa.

A gida kuma a ware minti 15 kowace rana. A fara da Hausa, domin yawancin haruffanta sauti ɗaya suke da shi kullum, ba kamar Turanci ba. Yaron ya zana harafi da yatsa a rairayi yana faɗin sautinsa, ko ya gina shi da yumɓu. Harafi ɗaya ya zauna kafin a ƙara wani. A tsaya tun bai gaji ba. Uwar da ba ta yi boko ba tana iya sa wansa ko yarsa su yi, ita tana zaune tana tsare shi daga ba'a. A kuma nemi baiwar da Allah ya sa a hannunsa, ko ɗinki, ko kiwo, ko gyaran inji, a yabe ta. Bezalel na Fitowa sura 31 gwanin aikin hannu ne, Littafi kuwa ya ce Ruhun Allah ne ya ba shi gwanintar.

6. INA IKILISIYA TAKE TSAYE?

A labarinmu almajirai ne suka so a kori matar. A Markus sura 10 su ne kuma suka tsawata wa masu kawo yara, har ran Yesu ya ɓaci. Mu da muke kusa da Ubangiji, mu ne muka fi saurin zama masu tare ƙofa. Malamin Makarantar Lahadi ya duba, wa yake samun kyauta kullum, wa kuma bai taɓa samu ba? Yaron da bai iya karanta aya ba yana iya haddace ta da kunne, yana iya faɗin labarin da bakinsa. Dattawa su kiyaye kada iya karatu ya zama ƙofar baftisma, gama Romawa sura 10 ta koya mana cewa ta wurin ji bangaskiya take zuwa. A cikinmu akwai malaman makaranta, da ɗaliban Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke nan Potiskum. Ashe, ba za a sami mutum ɗaya da zai ba da yammacin Asabar ga yara 4 ko 5 ba? Zumuntar Mata kuma ta san gidajen da ake ɓoye yaro. A je a gaishe shi da sunansa.

Sauran magana ɗaya mai nauyi. 'Yar Bakan'aniya ta warke nan take. Wasu yaranmu za su koyi karatu bayan wahala, wasu kuwa ba za su taɓa karanta Littafi Mai Tsarki da kansu ba, kome addu'a, kome ƙoƙari. Wannan ba alamar ƙarancin bangaskiyar iyaye ba ne. Mefiboshet ɗan Jonatan gurgu ne tun yana shekara 5, bai kuwa warke ba. Amma a 2 Sama'ila sura 9 sarki Dawuda ya aika aka nemo shi daga inda yake, ya zaunar da shi yana ci tare da 'ya'yan sarki dukan kwanakinsa. Iyayen irin yaran nan suna da tambayar da ke hana su barci: in mun mutu, wa zai riƙe shi? Bulus ya koya mana a 1 Korintiyawa sura 12 cewa jiki ba ya iya rabuwa da gaɓoɓinsa marasa ƙarfi. In haka ne, ikilisiya ce za ta amsa tambayar nan, tun iyayen suna da rai su ji amsar.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Waɗanne ƙofofi huɗu ne matar ta tarar a rufe? Wacce ce ta fi sa iyaye komawa gida a garinmu?
2. Yaya za a bambanta kunya mai kyau da kunyar da ke cutar yaro?
3. Me ya sa iyayen makahon nan na Yohanna sura 9 suka ja bakinsu? Mu tsoron wa muke ji?
4. Wane suna muke kiran yara masu nauyin karatu da shi a gidajenmu? Yesu zai kira su da shi?
5. Me ƙungiyarmu za ta iya yi kafin ƙarshen wannan zangon karatu?

AIKIN WANNAN MAKO

Kowa ya tuna da yaro ɗaya, nasa ko na maƙwabci, wanda aka fid da rai da karatunsa. Ya yi addu'a dominsa da sunansa kowace rana. In iyayen suna jin nauyin zuwa makaranta, ya ce zai raka su.

ADDU'A

Ya Ubangiji Yesu, kai da ka ji kukan uwa baƙuwa a ƙasar Taya, ka dubi yaranmu da karatu ya yi wa nauyi. Ka ba iyayensu ƙarfin hali da tawali'u, su yi ta ƙwanƙwasawa har a buɗe. Ka ba malamai haƙuri da hikima. Ka tsare ikilisiyarka daga korar wanda kai kake kira. Amin.